Ƙuri'ar Sada

Juma'a, 18 ga Nuwamba

Yau muka gama kwashe dawa. Bayana kamar aro na yi. Bara war haka ina zaune gindin ɗorawa ina noma da baki, yaron nan ne a gaban masu yanka. Bana ni ne a gaba, ni ne a baya, har 'yan ƙwadago suka ji tausayina suka riƙa rage sauri, abin da ya ƙara ɓata mani rai.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Tun ranar da 'yan bindiga suka same shi a gonar nesa cikin Agusta, suka harbe shi, suka kora shanun huɗa, ban sake buɗe littafin nan ba. Me zan rubuta?

Abin da ya sa na ɗauko biro yau kara ne. Ga shi can zube, gona guda. Kowace shekara in an kwashe dawa nakan aika wa Sada goro da dami ɗaya, ba sai an haɗa da magana ba. Da ya gani ya san an ce ya sauko da shanunsa daga rugarsu ta hayin rafi. Su ci kara, su kwana a gonar, yana matsar da makwancinsu kaɗan-kaɗan har taki ya game ko'ina. Haka ubana ya yi da ubansa. Shi ya sa gonata ba ta san takin buhu ba, ina kuwa yi wa mutane gori da haka a bakin masallaci har sun gaji da ni.

Na sayi goron tun shekaranjiya. Yana cikin aljihun rigar Juma'a. Ban aika ba.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Mati ƙanena ya zo da hantsi, rataye da bindigar toka. Tun da aka ba shi shugabancin 'yan sa-kai, ko alwala zai yi sai da ita. A tsaye ya gaishe ni.

Ya ce gari ya yanke shawara kan zaɓen ɗan majalisar tarayya. Jam'iyya biyu ce dai ke da ƙarfi a nan, mai alamar tulu da mai alamar tsani. Ta tulu ita ke da Alhaji Zainulabidin, wanda muka tura Abuja har sau biyu, da hannuna a ciki, tun daga nan kuwa sai a kalanda muke ganinsa. Ta tsani ta tsayar da wani matashi ɗan Funtua, Mahadi, mai baki. A kansa gari ya tsaya. Ya yi alkawarin babura da kayan aiki ga 'yan sa-kai, ya ce zai roƙo mana sansanin soja, kuma in ya ci ba sauran ruga a yankin nan, don a cewarsa daga rugage ake kai wa 'yan bindiga rahoto. Saboda haka duk wanda ke tare da tsani ya kwashe karansa ko ya cinna masa wuta. Wanda aka ga shanun Fulani sun kwana a gonarsa, ya nuna inda ya dosa.

Na tambaye shi tun yaushe kara ya yanki katin jam'iyya. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Yaya, kai aka yi ma abin da ya fi ciwo, kai ya kamata ka fara.” Sannan ya ce mutane na jira su ji ta bakina, kamar kullum.

Gaskiyarsa, kamar kullum. Shekarun da na yi ina awon auduga a Funtua su suka sa aka ɗauke ni wanda ya san duniya, ni kuma ban taɓa musawa ba, ina ma jin daɗin abin. In zaɓe ya zo ni ake tambaya. Amma wanda ya fi kowa dogara da ni Sada ne. Bai iya karatu ba, bai kuma damu ya iya ba. Akwatinmu ɗaya da shi, a firamare. Kowane zaɓe yakan tsaya bayana a layi, ya taɓa mani kafaɗa ya ce, “Shitu, bana ina za mu sa hannu?” In nuna masa alama, ya juya ya faɗa wa mutanen gidansa, shi ke nan. Bai taɓa ce mani don me ba.

To bana me zan nuna masa?

Litinin, 5 ga Disamba

Hayaƙi ko ta ina, maƙwabta na ƙone nasu. Goron ya fara yaushi, na ci ɗaya.

Asabar, 10 ga Disamba

Mahadi ya zo gari yau. Kafin ya je filin firamare sai da ya biyo ta gidan nan. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, aka kawo masa kujera ya ƙi, ya zauna tabarma ɗaya da ni. Ya tambayi yadda abin ya faru, ya saurara har ƙarshe bai duba wayarsa ba. Na ga hawaye a idonsa. Ban san ko na gaske ne ba, amma dai sun zubo, kuma tun da aka yi rasuwar nan ba wani mai babbar riga da ya zo ya zubar mana da ko na ƙarya. Matata Maijidda na bayan ƙyaure, ina jin numfashinta.

A filin kuwa, ana cikin jawabi, sai ya kira sunan yaron nan a lasifika. Cikakken sunansa, har da nawa a haɗe. Sunan da ni ban taɓa ɗaga murya da shi ba, uwarsa ma ba ta taɓa ba, ya tashi ya bugi bangon aji ya dawo. Jama'a suka ɗauki kabbara. Na sunkuyar da kai. Na ji kunya, na ji haushi, kuma, Allah ya gafarta mani, na ji sanyi a raina. Ashe akwai wanda ya riƙe sunan.

Da yamma Maijidda ta ce ita ta gama nata zaɓen, ko da rarrafe ne sai ta je ta dangwala wa tsani. Ba ta taɓa riga ni magana kan zaɓe ba sai yau. Tun Agusta nono bai shiga gidan nan ba, da ruwan tsamiya take dama mana fura, ita da ta yi shekaru tana ƙawance da matar Sada, suna musayar man shanu da daddawa. Na ce mata ba Sada ne ya harbe shi ba. Ta ce ita ma ba ta ce shi ne ba, amma wani ya nuna masu hanyar gonar, kuma wanin nan ba daga sama ya faɗo ba.

Na sha furar, tsami kamar me.

Juma'a, 16 ga Disamba

Alhaji Zainulabidin bai zo ba, ya aiko wakili da buhunan shinkafa aka jibge a ƙofar masallaci. Wakilin ya ce Alhaji na gaishe mu da “abubuwan da suka faru”. Abubuwa. Kamar tsutsa ce ta faɗa wa masara.

Da la'asar na ji shi da kansa a rediyo. Ya ce shi da jam'iyyarsa sulhu suka sa gaba, a kira shugabannin daji a zauna, a yafi juna. Wato in zauna inuwa ɗaya da wanda ya harbi yaron nan, a raba goro, a shafa fatiha. Na kashe rediyon. Bai dai faɗi mummunar kalma kan rugage ba, amma shi dama bai cika faɗin komai a kan komai ba.

Ga inda nake ke nan. In na bi tulu, na yafe jinin da ban yafe ba. In na bi tsani, na kori Sada. Na tsaya gaban fastocin sauran ƙananan jam'iyyu a Mahuta ina ta duba, ko fuska ɗaya ban sani ba. Wani ma har da tabarau baƙi, kamar mai tallan maganin basir.

Laraba, 28 ga Disamba

Raudatu, matar yaron nan, ta fita takaba. 'Yan uwanta sun zo daga Dayi sun tafi da ita da jaririyar da ya bari. Maijidda ta shiga ɗakin ta share, ba kuwa abin sharewa.

Litinin, 9 ga Janairu

Na kwashe karan. Na ɗauki hayar kura, tun da ba ni da shanun ja yanzu, muka wuni muna jida. Duk wanda ya tambaya na ce darni zan sake. Darnin gidan nan lafiyarsa ƙalau, bara aka yi shi. Yanzu ga tarin kara can bayan gida, ya kusa kamo rumbu tsawo, ko awakin unguwar nan duka aka sakar masa ba za su gama da shi ba.

Amma ban ƙone ba. A dai san wannan. Ban ƙone ba.

Mati ya biyo ya gani. Yau har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Da zai tafi ɗaya daga cikin mutanensa ya manna fastar tsani a ƙyauren zaure. Ina kallo. Na ce in sun tafi zan ɓanɓare, sai aka kira magariba.

Lokacin da muke ɗaukar lodin ƙarshe na hangi wani tsaye a hayin rafi, dafe da sanda. Da nisa, ban tantance ko wane ne ba. Ban kuma tsaya tantancewa ba.

Juma'a, 20 ga Janairu

Na gangara rafi duba 'yar albasata, sai ga Sada yana shayar da shanu. Ba hanyar kaucewa.

Shanun sun lalace, ana ƙidaya haƙarƙarinsu daga nesa. Garken ma ya ragu ƙwarai. Ashe su ma 'yan bindigar sun faɗa masu da damina, suka kora fiye da rabi. Na ji ana faɗa a lokacin, ban dai sa a kai ba, kowa ta kansa yake yi. Kasuwarmu kuwa an hana su shiga tuntuni, gishiri ma sai sun aiki wani.

Ya ajiye sanda, ya durƙusa ya yi mani ta'aziyya, kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ce ya zo ranar uku, samari suka mai da shi daga gindin kuka. Na ce na ji. An faɗa mani a ranar, ina zaune cikin masu gaisuwa. Ya yi ta yi wa yaron nan addu'a. Shi ne fa ya koya masa horar da shanun huɗa, tun yana ƙarami yake bin sa, in ya dawo gida yana warin shanu uwarsa na faɗa.

Ina ta jira ya yi maganar kara. Na shirya zancen darni tsaf, har na san inda zan yi 'yar dariya. Bai tambaya ba. Ya tambayi gwiwar Maijidda, ya tambayi ko dawa ta yi auki, ya ce albasar na son ruwa. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Da zai kora shanun ya ce, “An ce zaɓe ya matso. In ka gama dubawa ka faɗa mani.”

Na ce bana ya tambayi Arɗonsu mana. Ya ce Arɗo ya yi kudu tun kaka, da shi da rabin mutanensu. Na ce to ko zai fi ya yi zamansa a ruga bana, gari ba daɗi. Sai ya yi dariya, irin tasa ta ƙasa-ƙasa.

“A nan aka yanke mani cibiya, Shitu. Katina na nan. In ban zo ba, cewa za a yi na san laifina.”

Na dawo gida ban ba albasar ruwa ba.

Talata, 31 ga Janairu

Na je Funtua. Na ce wa Maijidda maganin feshi zan duba. Ofishin kamfen na Mahadi na nufa.

Garin ya canza mani, Keke Napep kamar su hau kan mutum. Ofishin cike da masu jira, kowa da buƙatarsa a baki. Sai bayan azahar aka shigar da ni. Ya gane ni, ya miƙe tsaye, Baba kaza Baba kaza, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron na da ladabi.

Na zayyana masa komai. Na ce akwai mutum ɗaya a hayin rafinmu, ubansa da ubana tare suka tsufa, shi ma an kwashe masa shanu, ni zan tsaya masa a gaban kowa. In dai za a bar mani shi, ƙuri'ata da ta duk mai jin maganata tasa ce. Ya saurara, ya jinjina kai, sannan ya ce:

“Baba, duk ƙauyen da na shiga sai wani dattijo ya ja ni gefe ya faɗa mani irin wannan. Kowa da nashi Sadan. In na bar ma kowa nashi, wa zai tashi?”

Na ce ai ɗan majalisa ba shi ke tashin mutane ba, doka ake tura shi ya yi. Ya ce ƙwarai kuwa, shi ba zai kori kowa da hannunsa ba, mutanenmu ne suka gaji, shi dai ba zai riƙe masu hannu ba. Wannan gaskiya ce, ta kuma fi alkawarin ban tsoro. Ranar da aka ce ya ci, su Mati ba za su jira takarda daga Abuja ba.

Na biya ta gaban tsohon wurin aikinmu na gurzar auduga, na tsaya kaɗan. Ba wanda na sani a ƙofar. Na hau mota na dawo, na manta da maganin feshin ma gaba ɗaya, Maijidda ba ta tambaya ba.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Shekaranjiya an shiga ƙauyen da ke gaba da namu. An kashe mutum, an tafi da mata, har da mai goyo. Mun je jana'iza jiya. Uban mamacin na zaune yadda na zauna, yana amsa gaisuwa da kai, idonsa a kan ƙafafun mutane. Na riƙe hannunsa.

Yau bayan la'asar a bakin masallaci aka sake tambayata. Na ce tsani. Kalmar ta fita da sauƙi, har na yi mamaki. Aka yi ta hamdala, wani ya ce dama Malam Shitu suke jira. Ba kuma don tsoron Mati na faɗa ba, kada in yi wa kaina ƙarya. A lokacin har zuciyata nake nufi. Na gaji da binne yara. In akwai wanda zai tsaya, ko da bai san kan tsayuwar ba, ya fi mani wanda zai ce a zauna.

Saura Sada. Na yi tunanin in aika masa a ɓoye ya sa wa tulu, kowa ya yi nasa. To amma in aka ga ƙuri'un tulu a akwatinmu an san daga inda suka fito, a ce ga shi nan, Fulani na tare da masu son a zauna da 'yan daji. Ni kuma in zama mai baki biyu. Ko ta ina na juya abin, shi yake ƙarewa a ƙasa.

Juma'a, 24 ga Fabrairu

Na samo dabara. Gobe daga sallar asuba sai firamare, in zama na farko a layi, in jefa tawa in dawo gida kafin ya ƙetaro rafi. In bai gan ni ba zai juya. Dabarar tsohon matsoraci, amma ita gare ni.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Malaman zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take sosai. Ni ne na farko a layi, ni ne kuma na fi kowa daɗewa a tsaye. Dabarata ke nan.

Ana cikin kafa tebur na ji surutu ya ɗauke daga bayan layi, yana ɗaukewa yana matsowa, kamar in malami ya shigo aji. Ban juya ba. Na san takunsa.

Shi kaɗai ya zo, ba mata ba yara. Ya sa farar rigarsa ta Idi, kuma bai riƙo sanda ba, Sada da ko masallaci zai shiga sai ya jingine ta a ƙofa. Don kada a ce ya zo da makami, na gane. Ya wuce mutane yana yi masu sallama ɗaya bayan ɗaya, wasu suka amsa a ciki, wasu suka kau da kai. Ya zo ya tsaya bayana kamar an ajiye masa wurin. Ba wanda ya ce ya koma baya.

Sai na ji hannu a kafaɗata.

“Shitu, bana ina za mu sa hannu?”

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma filin ya yi tsit ta yadda har layin mata an ji. Mati na gefe da mutanensa. Maijidda na can ta ja mayafi, ina jin idonta a wuyana. A bangon aji kusa da ni an manna babbar takarda mai alamomin jam'iyyu duka. Tulu ya fi kusa da hannuna, ko miƙewa ba sai na yi ba. Na tuna mutumin nan na jana'iza. Na tuna ɗakin da aka share. Ban san me kuma na tuna ba.

Na ɗaga hannu na ɗora yatsa a kan tsani.

Ya matso ya dubi alamar da kyau, yadda yake duban saniya in zai saya. Ya daɗe. Sannan ya ce, “To.”

Wani daga cikin samari ya fara dariya, Mati ya daka masa harara ya haɗiye. Aka kira ni, na'ura ta ƙi yatsana sai da aka ɗauki fuskata, aka ba ni takardu, na shiga na dangwala. Da na fito ban tafi ba, ban san dalili ba. Na ga ya shiga, na ga ya fito da tawada a babban yatsa yana hura mata iska. Ya tsaya daga nesa ya gaida Maijidda, ya tambayi gwiwarta. Ta sunkuyar da kai, na ga bakinta ya motsa. Ya kama hanyar rafi.

Ban tsaya ƙidaya ba. Ban ci tuwo ba.

Litinin, 27 ga Fabrairu

Tsani ta ci. Babura sun wuni suna zagaye gari da hon. An ce a akwatinmu tulu kusan bai sami komai ba.

Alhamis, 2 ga Maris

Tun shekaranjiya su Mati suka zagaya rugage suka ce kowa ya san inda ya nufa kafin Juma'a.

Yau da sassafe ina zaure ina lazimi aka yi sallama. Sada ne. Na ce ya shigo, ya ce a'a, kaya na kan hanya, mata da shanu sun yi gaba. Ya tsaya a bakin ƙofa, fastar nan na daidai kafaɗarsa. A cikin gida Maijidda na daka, sai na ji taɓaryar ta tsaya.

Na tambaye shi ina suka nufa. Ya ce kudu, inda Arɗo ya bi, in an karɓe su. In ba a karɓe su ba su ƙara gaba. Ya ce kabarin mahaifinsa na nan bayan tsohuwar rugar, an jera masa duwatsu, in masu huɗa sun kai wurin don Allah in ce su kauce.

Na kasa daurewa na ce, “Ka san ko ta wa na nuna maka ran nan?”

Ya ce, “Na sani mana. Ai muna da rediyo.”

“To don me ka sa?”

Ya kalli yatsansa, tawadar ba ta gama fita ba. Ya ce, “Shekara nawa kana faɗa ina yi. Da na ƙi ran nan, a gaban mutane, cewa za su yi dama can ni ba naka ba ne. Kai kuma a ce ka daɗe kana kiwon maƙiyi.”

Na ce bari in sa a ɗebo masa dawa ta hanya. Ya ce jakin ya yi kaya da yawa. Ya waiwaya ya dubi tarin nan na bayan gida, sau ɗaya tak, ya ce bana kara ya yi kyau. Sannan ya miƙo hannu ya ce mu yafi juna, tun da ba a san gawar fari ba. Na ce shi bai yi mani komai ba. Ya ce, “Ni ma na yafe.”

Na raka shi har gindin kuka. Daga nan ya ce in koma, kada a gan ni.

Na koma.

Alhamis, 16 ga Maris

An yi walimar godiya a Funtua ranar Lahadi, an aiko mota musamman don dattawa. Na ce ƙafata ce ke ciwo. Mati ya dawo mani da hula mai hoton tsani, tana nan rataye a ƙusa.

Gona ta bushe ƙamas, fes da ita kamar tsakar gida. Zan nemi takin buhu kafin ruwa ya sauka, sai na tambayi yadda ake zuba shi, a waɗannan shekarun nawa. Na je na ƙara wa kabarin mahaifin Sada duwatsu. Hayin rafi shiru, ko kukan maraƙi babu. Maijidda ta ce yanzu tana samun barci. Na ce madalla.

Jibi zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha. Jiya a bakin masallaci aka juyo gare ni, aka ce Malam Shitu sai mu ji ta bakinka. Na ce ban duba ba tukuna. Aka yi dariya, an ɗauka wasa nake. Batirin rediyo ya mutu tun makon jiya, na bi ta gaban mai shago sau da yawa, mantawa nake yi.

Ɗazu Maijidda ta kawo mani fura, ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce, “Malam, jibi wa za mu yi?” Na ce ta tambayi Mati. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ajiye kwanon ta fita.

Ba wai na daina ba ne. Wannan karon ne dai ban duba ba.